GAURAKI ASHIRIN A KAN ƘOFAR FADA

Babu abin da ke ba mai aikin rediyo wahala kamar a ce ya kwatanta hoto. Labarin yaƙi ko na kasuwa baki yana iya ɗaukarsa, amma launi da tsayuwar tsuntsu sai ido. Na gane haka ranar da na ɗauki tarihin zanen tsuntsaye da furanni na ƙasar Sin zan yi shiri a kansa, na zauna gaban makirufo da hoto a waya, na rasa ta inda zan fara. Abin da na kasa faɗa a cikin minti ashirin na wancan shiri shi ne nake son in shimfiɗa a nan, tunda takarda ta fi iska haƙuri.

Hoton da ya tsayar da ni an yi shi a shekarar 1112, a birnin Kaifeng, hedikwatar daular Song ta Arewa. A kan siliki yake, tsayinsa santimita 51, tsawonsa kuma ya ɗan haura mita ɗaya da santimita 38 idan aka haɗa da rubutun da ke gefensa. A ƙasan hoton akwai rufin babbar ƙofar fada, gajimare ya lulluɓe shi. Sama kuwa shuɗiya ce shar, tsuntsaye goma sha takwas suna shawagi a cikinta, wasu biyu sun sauka a kan kusurwoyin rufin. Dangin gauraka ne, sai dai ba irin namu mai tukku ba. Farare ne masu baƙin wuya da jan tabo a tsakiyar kai, kuma a wurin Sinawa alama ce ta tsawon rai da alheri. Wanda ya sa hannu a hoton shi ne sarkin ƙasar da kansa, Huizong, wanda a rediyo nake furtawa Hwaizung. Shekara goma sha biyar bayan nan, an kama wannan sarki an tafi da shi bauta, birnin kuma an washe shi. Amma kafin mu kai can, bari mu koma baya mu ga inda sana'ar ta samo asali.

Mu fara da silikin. Zare ne da wata tsutsa ke saƙa wa kanta gida da shi, Sinawa kuma sun daɗe da sanin yadda ake warware shi a saƙa tufa. Siliki yana shan ruwa, saboda haka kafin a yi zane a kansa sai an shafe shi da ruwan gam da ake dafawa daga fatar dabba, a haɗa da irin gishirin dutsen nan da ake tace ruwa da shi. Wannan ne ke hana tawada bazuwa. Ita tawadar daga kunkunniyar hayaƙin itace ake yin ta, a cuɗa da gam a busar, in za a yi aiki a goga ta a kan dutse da ɗan ruwa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake haɗa tawadar allo da ƙaro ba zai ga baƙon abu a nan ba. Launuka masu ƙarfi daga duwatsu ake niƙo su: shuɗi, kore da ja, wasu kuma daga tsirrai. Mai zane yana fara jan iyakar kowane gashi da kowane ganye da siririn buroshi, sannan ya riƙa shafa launi kaɗan-kaɗan, shafi bisa shafi, wani lokaci har ta bayan silikin domin launin ya ɓullo a hankali ta gaba. Ba a gogewa. In hannu ya kuskure, ya kuskure ke nan.

In an gama, sai a manna wa zanen takarda ta baya a naɗe shi a jikin sanda. Iri biyu ne suka fi shahara. Akwai wanda ake ratayewa a bango na ɗan lokaci, a sauke idan yanayin shekara ya sauya. Akwai kuma na hannu, wanda ake ɗorawa a kan tebur ana warwarewa daga dama zuwa hagu, gwargwadon buɗewar hannuwa biyu, abin da aka wuce a naɗe shi. Wannan na biyun ya fi kwanta mini a rai, domin ya yi kama da aikina: ba ka samun labarin gaba ɗaya a kallo guda, sai ka bi shi daki-daki yadda mai shi ya tsara.

Wanda ake ɗauka uban wannan fanni shi ne Huang Quan, mai zanen fadar ƙaramar daular Shu a birnin Chengdu, wanda ya rasu wajen shekarar 965. An ruwaito cewa a 944 an kawo wa sarkinsa kyautar gauraki masu rai, aka umarce shi ya zana su a bangon wani zaure. Ya zana guda shida, kowane da abin da yake yi, wani yana kiwo, wani yana gyara gashi, wani ya ɗaga kai yana kuka, har aka sauya wa zauren suna ya koma Zauren Gauraki Shida. Wancan bango ya daɗe da rushewa. Abin da ya rage da ake jingina masa shi ne wani ɗan naɗi da ke gidan adana kayan tarihi na fadar Beijing. Halittu ashirin da huɗu ne a ciki, tsuntsaye da ƙwari da kunkuru biyu, an warwatsa su a kan siliki ba bishiya ba ƙasa. A kusurwa akwai gajeren rubutu da ke nuna ya yi shi ne domin ɗansa Jubao ya koya. Ashe allon darasi ne, uba yana nuna wa ɗa yadda ake kallon fiffiken fara.

A wancan zamani kuma, a kudu, a birnin da yau ake kira Nanjing, akwai Xu Xi. Shi tsuntsayen fadama da ciyayin bakin rafi yake zanawa, da tawada mai yawa da launi kaɗan. Marubutan Song sun riƙa kwatanta mutanen biyu da cewa gidan Huang na arziki ne da ƙawa, shi kuwa Xu na daji ne da sakewa. Da daular Song ta ci Shu a 965, wani ɗan Huang Quan mai suna Jucai ya koma fadar Kaifeng, salon gidansu ya zama ma'aunin da ake gwada kowane mai zane da shi na kusan shekara ɗari.

Abin da ya fi burge ni a tarihin nan shi ne irin wahalar da mutanen suka sha a kan kallo. Zhao Chang yakan fita da sassafe raɓa ba ta bushe ba, ya zagaya lambu da launukansa a hannu yana zana fure a gabansa. Yi Yuanji ya shiga duwatsu ya daɗe yana bin birai da bareyi domin ya ga yadda suke zama. Da ya dawo gida sai ya haƙa tafki a bayan ɗakinsa, ya shuka ciyayi da gora, ya zuba tsuntsayen ruwa, ya huda taga yana leƙensu ba su sani ba. Ya fahimci cewa tsuntsun da ya san ana kallonsa ba ya nuna halinsa na gaskiya. A makarantar koyon aikin jarida an shafe wata guda ana ƙoƙarin cusa mana wannan darasi game da mutane.

Daga irin wannan kallo ne aka samu zanen Cui Bai na shekarar 1061, wanda yau yake birnin Taipei. Na ratayewa ne, tsayinsa ya kusa mita biyu. Iskar kaka tana kaɗawa, ganye ya bushe, ciyawa da gora sun kwanta gefe guda. Wasu tsuntsaye biyu ƴan'uwan hankaka masu doguwar wutsiya suna yi wa zomo tsawa, ɗaya a kan reshe ɗaya yana saukowa daga sama. Zomon ya tsaya cak, ƙafar gaba ɗaya a ɗage, ya waiwayo yana dubansu. Ba ka buƙatar kowa ya fassara maka, har ƙarar tsuntsayen kamar kana ji. Cui Bai ya ɓoye sunansa da shekarar a jikin kututturen bishiyar. A ganina nan ne sana'ar ta kai ƙarshen kyau, domin ƙwarewar gidan Huang da sakewar Xu Xi sun haɗu a wuri guda, kuma hoton ba ya yi wa kowa fadanci.

Sai Huizong. An haife shi a 1082, ba a kuma yi tsammanin zai yi sarauta ba. Yayansa Zhezong ne ya rasu a 1100 bai bar ɗa namiji ba, uwargidan fada Xiang ta zaɓe shi, duk da cewa babban waziri Zhang Dun ya nuna rashin amincewa, yana ganin yaron ba shi da nauyin da sarauta ke buƙata. Ya hau yana ɗan shekara goma sha bakwai. Gwani ne na gaske. Ya ƙirƙiro salon rubutu na kansa, siriri mai kaifi, wanda ake kira Siririn Zinariya, har yau ana koyonsa. Zanensa na ƙananan tsuntsaye a kan reshen gora yana birnin New York, wani kuma na aku mai launi biyar yana Boston. An ce yakan ɗiga wani baƙin danƙon itace mai sheƙi a idon tsuntsu domin ya ɗan taso daga silikin kamar mai rai.

A 1104 ya kafa makarantar zane a fada, da jarrabawar shiga kamar ta ma'aikatan gwamnati. Akan ba ɗalibai baitin waƙa a ce su mayar da shi hoto. Akwai labarin da ake yawan bayarwa na ranar da aka ce a zana ƙamshin fure a kofaton dokin da ya ratso lambu. Da yawa suka cika siliki da furanni. Wanda ya ci kuwa doki kawai ya zana, malam-buɗe-littafi suna bin kofatonsa.

Wani marubuci mai suna Deng Chun, wanda ya rubuta tarihin masu zane wajen 1167, ya adana mana labarai biyu da ke nuna idon sarkin. Wata rana ɗawisu ya zo ƙarƙashin wata bishiya a fada, sarki ya kira masu zane su ɗauke shi. Suka yi aiki mai kyau, ya duba ya ce bai yi ba. Aka kwana biyu ba wanda ya gano aibin, sai ya bayyana musu cewa ɗawisu in zai hau tudu ƙafar hagu yake fara ɗagawa, su kuwa ta dama suka zana. A wani karon an ƙawata wani sabon gini da zane-zane, ya zagaya bai yaba ko ɗaya ba sai wani reshen furen wardi da wani yaro sabon shiga ya yi. Da aka tambaye shi dalili, ya ce wannan fure kamanninsa na sauyawa da yanayin shekara da lokacin yini, yaron kuma ya kama shi daidai yadda yake da tsakar rana a lokacin bazara. Kundin da aka tsara na zane-zanen fadarsa a 1120 ya lissafa guda 6,396 na masu zane 231, an kasa su gida goma, kuma na tsuntsaye da furanni ne suka fi yawa, sun haura 2,700.

Yanzu mu dawo kan gaurakin nan ashirin. Rubutun da sarki ya yi a gefen hoton, in ka duba shi da idon ɗan jarida, rahoto ne cikakke. Akwai rana: sha shida ga watan farko na shekararsu, kashegarin bikin fitilu. Akwai wuri: ƙofar kudu ta fada. Akwai abin da ya faru: gajimare ya sauko, tsuntsaye suka zo suna kuka, biyu suka sauka a rufi, suka daɗe kafin su tashi su nufi arewa maso yamma. Akwai shaidu: mutanen gari da ke wucewa, waɗanda suka tsaya suna kallo cikin mamaki. Ma'anar a wurin fada a fili take, wato sama ta yarda da mulkin nan. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Fadar Huizong ta tara kundaye masu yawa na irin waɗannan alamun alheri, baƙon tsuntsu, dutse mai siffar dodo, tsiro mai ban mamaki, kowane an zana shi an rubuta bayaninsa. Masana na jayayya a kan ko hannun sarki ne ya yi zanen ko na ma'aikatansa, wasu ma na ganin ba mamaki an saba wa tsuntsayen zuwa ne. Marubutan baya sun ba da labarin wani tsoho da ya horar da tsuntsayen lambun sarki har suka riƙa taruwa duk lokacin da ayarinsa ya iso. Ni dai ban damu ƙwarai da wannan ba. Mu ɗauka gaurakin sun zo da kansu, kuma ashirin ne cif. Tambayata ita ce: me kuma ya faru a wannan shekara?

A farkon 1112 ɗin nan, can arewa mai nisa a bakin wani kogi mai ƙanƙara, sarkin daular Liao ya yi bikin kamun kifin farko na shekara, ya umarci shugabannin ƙabilun da ke ƙarƙashinsa su tashi su yi masa rawa ɗaya bayan ɗaya. Wani shugaban ƙabilar Jurchen mai suna Aguda ya ƙi tashi. A 1114 ya yi tawaye, a 1115 ya kafa daular Jin. Babu mai zanen da ya ɗauki wannan zama, alhali shi ne babban labarin shekarar.

A cikin gida ma akwai abin da siliki bai ɗauka ba. Daga 1117 zuwa 1122 an gina wa sarki wani ƙasaitaccen lambu mai suna Genyue, da tsaunin da aka tara da hannu. Domin cika shi aka yi amfani da ayarin jiragen ruwa masu ɗauko duwatsu da itatuwa daga kudu, ƙarƙashin wani mutumin Suzhou mai suna Zhu Mian. Tarihin daular ya nuna cewa in ma'aikatansa suka ga dutse ko bishiya mai kyau a gidan mutum, sai su manna mata alamar rawaya ta zama ta sarki. Mai gida ne zai tsare ta, in ta lalace a wuyansa, ranar ɗauka kuma a rushe katanga a fitar. An karya gadoji domin wani ƙaton dutse ya wuce, da ya iso aka ba shi sarauta. Dutse fa. A ƙarshen 1120 wani mai suna Fang La ya tayar da tawaye a kudu maso gabas, har ya kama Hangzhou, kuma sunan Zhu Mian na cikin abin da ya tara masa jama'a. An murƙushe shi a 1121 bayan an zubar da jini mai yawa. Furannin da masu zane ke kallo a lambu da natsuwa, ga hanyar da wasunsu suka biyo.

Sauran labarin gajere ne. Song ta ƙulla ƙawance da Jin domin su raba Liao, sojojin Song suka kasa taɓuka abin kirki, Jin ta ga rauninsu. Liao ta faɗi a 1125, a ƙarshen shekarar Jin ta juyo kudu. Huizong ya sauka ya miƙa wa ɗansa Qinzong. A kewaye na biyu, cikin tsananin sanyi, mutanen Kaifeng suka sare itatuwan Genyue suka yi makamashi, aka yanka bareyin aka ciyar da soja, duwatsun aka farfasa ana harba wa abokan gaba, tsuntsayen aka sake su. Birnin ya faɗi a watan Janairun 1127. Aka kwashi sarakunan biyu da matansu da ƴaƴansu da masu sana'a dubbai aka yi arewa da su, tare da dukiyar fada. Sarkin Jin ya laƙaba wa Huizong sarautar wulaƙanci mai nufin mai ruɗaɗɗen hali. Ya rasu a 1135 a wani gari da ke lardin Heilongjiang na yau, yana da shekara 52. Wani ɗansa da ya tsira ya sake kafa daular a kudu, a Hangzhou, masu zanen da suka gudu suka taru a can, sana'ar ta ci gaba.

Tun daga lokacin aka saba ɗora laifin a kan buroshi. Wani malami a fadar Mongol ya ce Huizong ya iya komai ban da sarauta. Adalci dai shi ne a faɗi ɗaya ɓangaren. A zamaninsa an buɗe gidajen jinyar talakawa, da gidajen kula da tsofaffi da marayu, da maƙabartun marasa galihu, an kuma faɗaɗa makarantun gwamnati. Masaniyar tarihi Patricia Ebrey, a littafinta na 2014 a kansa, ta nuna cewa bai yi sakaci da aikin mulki yadda ake zato ba, kuma rundunar Jin ta ci Liao ma, wadda sarkinta ba mai zane ba ne. Ni ma ban yarda zanen tsuntsu ne ya kayar da Kaifeng ba. Abin da nake tuhuma shi ne amfanin da aka yi da idon. Kallon da Yi Yuanji ya koya ta hudar taga, wanda manufarsa a ga abu yadda yake, an kawo shi fada an sa shi aikin tattara albishir kaɗai.

Na san wannan ciwo domin na taɓa ɗanɗana shi. A gidan rediyon da na fara aiki bayan na karɓi difloma, wata shekara hatsi ya yi tsada, farashin tiyar gero yana tashi kusan kowace ranar kasuwa. Na je na ɗauko muryoyin mata a bakin rumfunan ƴan hatsi. Da na kawo, shugaban sashenmu ya ce a fara labarai da bikin buɗe wata rijiyar burtsatse, nawa a ajiye zuwa wani lokaci. Na ɗan yi gardama. Ya dube ni ya ce, "Yaro, rijiyar nan an haƙa ta ko ba a haƙa ba?" Na ce, "An haƙa, ranka ya daɗe." Ya ce, "To akwai ƙarya a ciki?" Na ce babu. Na shiga na karanta. Zurfin rijiyar daidai ne, sunan ƙauyen daidai ne, adadin manyan baƙi daidai ne. Na ɗaga ƙafar ɗawisu ta hagu yadda ya kamata. Muryoyin matan kuwa ba su taɓa fita ba.

Hoton gaurakin ya fi masu shi tsawon rai. Ya ɓace, ya sake ɓullowa a taskar sarakunan Qing, sarki na ƙarshe Puyi ya fitar da shi daga fadar Beijing, bayan yaƙin duniya na biyu kuma ya ƙare a gidan adana kayan tarihi na lardin Liaoning da ke Shenyang, wato a arewa maso gabas, yankin da aka bi da mai shi zuwa bauta. Shuɗin dutsen da aka yi samansa da shi yana nan da ƙarfinsa bayan shekara ɗari tara. Har yanzu ina son hoton, kuma ina roƙon mai karatu ya neme shi ya ƙirga tsuntsayen da kansa, zai ga babu biyu masu tashi iri ɗaya. In ya gama ƙirgar, sai ya sauke ido ƙasa. Rubutun ya ce mutanen gari sun tsaya a titi suna kallo, amma a cikin zanen babu ko mutum ɗaya. Silikin ya ƙare ne daidai rufin ƙofa, duk abin da ke ƙasa gajimare ya rufe shi. Tun da na lura da haka, duk rahoton da aka miƙo mini in karanta, bayan na tabbatar da adadi da rana da wuri, sai in tambayi wanda ya kawo shi su wane ne ke tsaye a ƙasa.